Yadda muka kai Hajiya Garwa da motar gida

Shekara uku Hajiya, mahaifiyata, ta yi tana maimaita magana ɗaya: "Ku kai ni in ga ƙanwata tun ido na ganin ido." Ƙanwar tata, wadda muke kira Yafendo, tana Garwa ne a Kamaru, can aka haife su su biyu. Mu kuwa muna Jimeta. Idan ka ɗora zare a kan taswira, tsakanin Yola da Garwa bai fi kilomita 100 da wani abu kaɗan ba, bai ma kai nisan Yola zuwa Mubi ba. Amma duk lokacin da maganar ta taso sai in ce bari a sha ruwa, bari a yi Sallah, bari yara su samu hutu. Gaskiyar kuwa tsoron takardu nake yi. Hajiya ta wuce shekara 70, gwiwoyinta ba sa jure motar haya da ake cusa mutum huɗu a baya, balle a ce ta hau babur a bakin iyaka. In za a je, sai dai da motar gida. Ni kuma ban taɓa fitar da mota daga Najeriya ba.

Abin da ya karya min uzuri shi ne wata murya da Yafendo ta turo ta WhatsApp. Ba ta yi ƙorafi ba. Gaisuwa ce kawai da Fulatanci, sai a ƙarshe ta ce idonta na hagu ya daina gani. Hajiya ta saurara sau uku, ta ajiye wayar, ba ta ce min komai ba. Washegari na nufi tasha.

Na fara da tasha ne saboda direbobin da ke bin hanya kullum sun fi kowa sanin halin da take ciki a wannan makon. Wani dattijo a cikinsu ya zaunar da ni a kan benci, ya ce in cire damina daga lissafi gaba ɗaya. Ya ce akwai mai bi ta Fufore da Gurin ya haye kogin Faro, amma mai iyali da tsohuwa gara ya bi ta Belel, kuma ya bari sai ƙasa ta bushe, daga Disamba zuwa Fabrairu. In ya wuce haka, zafin Garwa na Maris da Afrilu ba abin da za a kai tsohuwa cikinsa ba ne. Muka tsayar da hutun makaranta na ƙarshen shekara.

Takardun mutane ba su ba ni wuya sosai ba. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza in zai shiga Kamaru ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba, amma yana buƙatar fasfo mai rai. Nawa da na uwargida suna nan. Na Hajiya, wanda ta yi aikin Hajji da shi, ya daɗe da mutuwa, sai da aka sabunta. Yara uku kuma kowa aka yi masa nasa, na haɗa da takardun haihuwarsu don kada wani ya tambaye ni shaidar cewa nawa ne. Da na gaya wa Hajiya za a je a ɗauki hotonta da zanen yatsunta, sai ta ce, "Garin ubana ne sai na nuna takarda? Ni fa a cikin jirgin ruwa aka kawo ni Yola ina amarya, ba wanda ya tambaye ni ko sunana." Na ce, "Hajiya, zamani ne." Ta ce zamanin bai da kunya.

Sai katin rigakafin cutar shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa. Wannan kada mutum ya bar shi sai ana gobe tafiya, domin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10 a jiki. Daɗinsa, in an yi sau ɗaya an gama har ƙarshen rayuwa. Auta ta yi kuka kamar za a yanka ta, Hajiya kuma ta yi ta yi mata dariya har aka zo kanta.

Mota ce ta fi cin lokaci. Na sabunta duk takardunta, na tabbatar sunan da ke jiki shi ne sunan da ke fasfona harafi da harafi, domin an gargaɗe ni cewa motar da ba sunanka ba sai ka zo da takardar izini daga mai ita. Na yi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Bakanike ya canza min shokazoba biyu da fanbel, ya ce in ɗauki safaya biyu. Na sayi sabon abin kashe gobara, da sikoshan guda biyu, wato alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, da ƙaramin akwatin magunguna na agajin gaggawa, domin jandarmomin Kamaru suna tambayar waɗannan ukun kamar karatun sallah. Daga nan na tafi na yi inshorar fita waje, katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, na dawo gida ina jin na gama komai. Ku riƙe wannan katin a ranku, za mu dawo kansa.

Kuɗi kuma na canza rabi a wurin 'yan canji a Jimeta. A nan ma akwai tarko. Sefa iri biyu ce: ta yammacin Afirka da ake kashewa a Nijar da Benin, da ta tsakiyar Afirka da ake kashewa a Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya, dukansu a ɗaure suke da yuro, amma takardun daban ne, kuma mai shago a Garwa ba zai karɓi ta Nijar ba. Uwargida tana da wasu 'yan jakunkuna da ta ajiye tun wani biki a Maraɗi, ta ɗauko su da murna, ɗan canji ya mayar mata. Na roƙe shi ƙananan takardu da sulalla. Shawara ce mai kyau da wani ya ba ni, don canji yana wuya a can.

Muka tashi bayan sallar asuba ranar Talata, mu shida, da buhun shinkafa, da atamfofi, da kwalin sabulu, da kular kunun gyaɗa da Hajiya ta dage sai an dama tun dare. Muna hawa gadar Jimeta hazo ya rufe Binuwai, ba ka ganin komai sai tsibiran yashi da masunta biyu-uku. Hajiya ta leƙa ta taga ta ce, "Wannan ruwan jiya ya kwana a Garwa." Babban ɗana, wanda suke wasan jika da kaka, ya ce to me ya sa ba za mu bi shi ba. Ta ce, "Kai miji, ruwa gangarowa yake, mu haurawa za mu yi."

Daga gada muka bi hanyar Mubi, muka wuce Girei, a Jabbi Lamba muka karya dama. Daga nan zuwa Malabu har Belel ba zan ɓata muku lokaci ba. Wani wuri kwalta, wani wuri tarihin kwalta, wani wuri jar ƙasa da ƙura. Abin da na ƙiyasta awa biyu ya ci kusan huɗu. Mun yi faci sau ɗaya. Babura ɗauke da jarkoki suna ta wuce mu kamar iska.

A ɓangaren Najeriya aikin bai da sarƙaƙiya in takardunka sun cika. Kowa ya fito daga mota, jami'an shige da fice suka duba fuska da fasfo, suka buga hatimin fita. Hajiya aka kawo mata kujera, wani matashi a cikinsu ya durƙusa ya gaishe ta. Ma'aikacin lafiya ya duba katunan allura. Kwastan suka rubuta lambar mota da lambar inji da ta shasi a babban littafi, suka leƙa but, suka tambayi shinkafar ta sayarwa ce ko tsaraba. Abin da zan ja kunne a kai shi ne, mutum ya buɗe fasfonsa a wurin ya ga hatimin da idonsa, kowane fasfo, har na yara. Na Auta an tsallake shi cikin rashin sani, uwargida ce ta lura muna shirin tayar da mota.

Iyakar kanta rafi ce, Mayo Tiel. Lokacin da muka je babu ruwa sai yashi fari fetal, da sawun tayoyi. Samari suna zaune a gindin bishiya suna jiran irinmu. Na ce musu na iya, na saka giya ɗaya na taka. Ban kai tsakiya ba motar ta zauna. Suka taso ba gaggawa, kamar sun san ƙarshen labarin, suka ce a sauke kowa, a rage iskar taya, suka tura muka fita. Na biya abin da suka ce ban yi ciniki ba. Hajiya kuwa ta ƙi a ɗauke ta. Ta cire takalmi, ta dafa kafaɗar jikanta, ta taka yashin nan da ƙafarta har ɗaya gaɓar. Da ta hau tudu sai ta tsaya tana haki, ta ce, "To, ga ni."

A ɓangaren Kamaru harshen takarda ya koma Faransanci, amma na baki Fulatanci ne da Hausa, don haka ba mu ɓata ba. 'Yan sanda suka buga mana hatimin shiga, suka tambayi inda za mu sauka da lambar wayar mai masaukinmu. Sai ofishin duwan, wato kwastan nasu, inda ake yi wa mota takardar shiga ta wucin gadi, wadda direbobi ke kira lesefase. A jikinta ake rubuta kwanakin da aka ba motar, kuma ita za ka mayar ranar fita. Na biya, na karɓi rasit. Sannan jami'in ya ce in kawo inshora. Na zaro katina mai ruwan ƙasa na miƙa masa da ƙarfin gwiwa.

Ya juya shi gaba da baya, ya yi murmushi, ya ce da Hausa, "Alhaji, nan ba ECOWAS ba ce."

Wallahi na san haka. Ko a makaranta an koya mana. Kamaru tana cikin ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ne, CEMAC, kuma katin inshorarsu mai ruwan hoda ne, suna ce masa kat roz. Amma da yake kullum labarin Nijar da Kwatano muke ji, kaina bai taɓa kawo min cewa gabas daban take ba. Laifina ne ni kaɗai, ban tambaya ba, wanda ya sayar min kuma bai tambaye ni ina za ni ba.

Abin da ya cece mu shi ne ɗan Yafendo. Layina ya riga ya ɗauke, sai wani mai shayi ya ara min wayarsa. Na ɗauki hoton takardun mota na tura, shi kuma ya tafi wani kamfanin inshora a cikin Garwa ya yanko ta wata ɗaya, ya ba ɗan acaɓa ya kawo. Awa uku muka yi a gindin wata bishiyar ɗorawa. Uwargida ba ta ce min uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Hajiya kuwa ko a jikinta. Ta shimfiɗa darduma, ta sa aka zuba wa mai shayi kunu, kafin azahar ta gano cewa kakarsa 'yar unguwarsu ce. Yara suka ci dogon burodin nan na Faransa karo na farko, suka ce ya yi tauri, suka kuma cinye uku.

Daga nan zuwa Gashiga har Garwa mun tarar da shingaye da dama. Tsarin kusan ɗaya ne: igiya ko katako mai ƙusoshi, usur, ka tsaya, ka kashe mota, ka gaisa tukuna. Gaisuwar nan tana da muhimmanci. "Jam na?" kaɗai tana sauke rabin fuska. Na yi dabarar da direbobin tasha suka koya min, na jera komai a jaka ɗaya, kofi a sama, na asali a ƙasa. A wani shinge, wanda ba zan faɗi ko wanne ba, an duba takardu ba a samu komai ba, aka duba abin kashe gobara, aka buɗe akwatin magani, daga ƙarshe aka ce gilashin bayan motar ya yi duhu. Muka yi tsaye-tsaye na kusan rabin awa. Hajiya ta sauke gilashi ta kira mutumin da Fulatanci, ta ce masa ɗana, ta tambaye shi ko uwarsa tana raye. Ban ji sauran ba. Na dai ga ya miƙo min takarduna da hannu biyu.

Mun shiga Garwa ana kiran la'asar sakaliya. Abin da ya fara ɗaukar idona bishiyoyin dalbejiya ne a jere a bakin tituna, da babura ba iyaka, da kwalaben fetur a kan tebura, wanda suke kira zuwa-zuwa, man Najeriya ne da ya bi ta hanyar da muka biyo. Ɗan Yafendo ya tare mu a kan babur ya yi mana jagora zuwa cikin tsohon gari.

Haɗuwarsu ba zan iya rubuta ta yadda ta faru ba. Yafendo tana zaune a kan tabarma a tsakar gida. Ta ji muryar yayarta daga zaure, ta yunƙura ta kasa tashi. Hajiya ta zauna a gabanta, ta kama fuskarta da hannu biyu, ta juya ta wajen idon da ke gani. Ba wanda ya yi magana. Ni na fita waje na ce zan sauke kaya.

Kwana biyar muka yi. Tsofaffin biyu ba su bar tabarmar nan ba sai don sallah, mu kuwa ɗan Yafendo ya yi ta yawo da mu. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa su gaya maka waɗanda suka gina garin: Fulɓere, Hausare, Kolere ta Barebari, Yelwa. Garwa lamidanci ce daga cikin waɗanda suka tashi a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama, kuma Yola take bi kafin Turawa su raba ƙasar Fombina, wato tsohuwar masarautar Adamawa, Ingila ta ɗauki Yola, Jamus ta ɗauki mafi yawan sauran. Lamiɗo Zubairu, bayan Ingilishi sun ci Yola a 1901, nan gabas ya yo, ya kuma gwabza da Jamusawa a kusa da Garwa. Jamusawan su ma ba su daɗe ba, a watan Yunin 1915 sojojin Ingila da na Faransa suka karɓe garin bayan sun yi masa ƙawanya. Ɗan Yafendo yana ba ni wannan labari muna tsaye a ƙofar fadar Lamiɗo, ga dogarai, ga masu algaita, in ba don tutar da ke sama ba sai ka rantse kana cikin Yola.

Ya nuna mana babban masallacin Pumpumre, da hedikwatar Sodecoton, kamfanin audugar da rabin arewacin Kamaru ke ci daga gare shi. Sunan Ahmadu Ahidjo kuwa ba ya fita daga bakin dattawa. A garin aka haife shi a 1924, ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1982, ya rasu a Dakar a 1989, kuma kabarinsa yana can har yau. Na lura in an zo wannan gaɓar sai murya ta yi ƙasa. Ban ja zancen ba, baƙo ne ni.

Babban ɗana shi ba ruwansa da Jamusawa. Filin wasa na Rumde Ajiya yake so ya gani, inda Super Eagles suka buga gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022. Ya tsaya a bakin ƙofa yana nuna min yadda Iheanacho ya ci Masar, kamar yana wurin. Ɗan Yafendo, wanda ya shiga kallon duk wasannin, ya ce garin gaba ɗaya Najeriya ya goya wa baya, kuma daren da Tunisiya ta fitar da mu da ci ɗaya, ko masu gasa nama ba su yi ciniki ba.

Rana ta huɗu Hajiya ta ce a kai ta bakin kogi. Muka ɗauke su su biyu a mota zuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa. Yanzu wurin shiru ne, sai manyan ɗakunan ajiya da suka tsufa, da yashi da ya cinye gaɓa, da kwale-kwale, da mata masu wanki. Hajiya ta ce a zamaninsu, in ruwa ya cika wajen Agusta da Satumba, jiragen kamfani suna haurowa tun daga teku ta Lokoja da Makurdi da Yola, su sauke gishiri da yadi da siminti da kananzir, su ɗebi gyaɗa da auduga, su yi sauri su juya kafin ruwa ya janye ya bar su a kan yashi. Makonni kaɗan ne a shekara, amma duk garin a nan yake kwana. Yaƙin basasar Najeriya da ya ɓarke a 1967 ya toshe hanyar, daga nan harkar ba ta sake komawa yadda take ba. Yafendo ta nuna wani wuri da sandarta, ta ce nan ne ta tsaya tana kuka ranar da jirgi ya tafi da yayarta. Hajiya ta ce ba nan ba ne, can gaba ne kusa da bishiya. Suka yi ta musu a kan bishiyar da babu ita.

Ni kuma ina kallon ruwan ina tuna wani abu daban. Sama da nan kaɗan dam ɗin Lagdo yake, wanda 'yan China suka gina aka gama a 1982. A Jimeta sunan Lagdo ba ya zuwa sai da fargaba, don in aka ce an buɗe shi, mutanen bakin kogi sai su fara ɗaure kaya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. A Garwa kuwa Lagdo wutar lantarki ce da kifi. Da yamma a kusa da gada muka ci gasasshiyar giwan ruwa da aka ce daga can aka kawo ta, da yaji da albasa, muna ci yara suna ihu sun hango kunnuwan dorina a tsakiyar ruwa.

Ranar komawa na fito da lesefase tun dare na sa a aljihun gaba, domin in ba ka mayar da ita an soke ba, a littafinsu motarka tana cikin ƙasar har abada. Mun cika but da kilishi, da busasshen kifi, da yakuwa, da burodin da yara suka ce ya yi tauri. A duwan jami'in nan ya gane ni, ya karɓi takardar ya buga mata hatimi, ya ce, "Alhaji ECOWAS, a sauka lafiya." Samarin rafi suna nan a gindin bishiyarsu. Wannan karon tun kafin su taso na sauka na fara rage iskar taya.

Hajiya ba ta yi magana ba tun daga Gashiga. Sai da muka wuce Malabu, rana ta yi ja, sannan ta taɓa kafaɗata daga baya ta ce, "Kai, takardar nan tawa, shekara nawa aka ce tana yi kafin ta mutu?" Na ce biyar. Ta ƙirga da yatsunta, ta gyara mayafi, ta ce a miƙo mata kular kunu.